Kwana Goma Sha Biyu A Bayan Gilashi

Shekara biyu cur na yi ina gaishe da Hajiya tana amsa mini da hanci. Laifina ɗaya ne a wurinta, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ta ce ɗanta ba zai auri macen da ke wuni tana taɓa jinin mutane ba, ta dawo gida ta tsoma hannun a tukunya. Da annobar nan ta shigo kuwa sai ta samu abin faɗa, wai mu ne muke kwaso cuta a riga mu raba wa gari.

Ɗan nata kowa Dogo yake ce masa, ni ce kawai nake kiransa Malam, don lissafi yake koyarwa a sakandare. Bai iya musu da uwarsa ba, bai kuma iya rabuwa da ni ba. Haka muka yi ta jan abin, yau kuka gobe lallashi. A gidanmu kuma Baba ya gaji. Ya ce ga Mai Kemis nan, ɗan amininsa, shekara guda yana sintiri, shi bai ga dalilin da zan tsufa a ƙofar gidan da ba a so na ba.

Yanzu kuwa in ka ga yadda Hajiya ke tarbata sai ka rantse ita ta haife ni. 'Yata take ce mini. Duk wadda ta kira ta a waya sai ta sha labarin yadda na ceci jikanta. Ranar Asabar ɗin nan ma kawunnan Malam za su je wajen Baba neman aurena, kuma da izininta.

Ni kaɗai na san abin da na yi na samu wannan shiga, shi ya sa duk ranar da ta ce 'yata nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sati biyar ke nan da aka kawo Auta, ƙanwar Malam, tana naƙuda, jikinta zafi rau, ga tari. Mijinta dokar kulle ta rutsa da shi a wani gari. Aka yi mata gwaji aka ga tana ɗauke da cutar. Ni ce a bakin aiki a ɗakin haihuwa, ni na karɓi yaron da hannuna, katon namiji, kilo uku da ɗigo biyu.

A farkon annobar, lokacin da tsoro ya fi sani yawa, raba uwa da jariri muke yi a asibitinmu. Amma kwana uku kafin zuwan Auta sabuwar takarda ta iso. Babbar Sista ta tara mu ta karanta mana: kada a ƙara raba su. Uwa ta wanke hannu, ta sa takunkumin fuska, ta ba ɗanta nono, don hana shi nonon ya fi masa haɗari. Ta manna takardar a bango kusa da sikeli, kowa ya sa hannu a ƙasa. Sunana ne na biyu.

Ina gama gyara yaron aka ce ana nemana a bakin get. Hajiya ce, ta riƙe ƙarfen ƙofa da hannu biyu, don ba a barin dangi su shiga. Ranar ce ta fara duban tsakiyar idona.

"Ke ce a kansu?"

"Ni ce, Hajiya."

"To ki saurare ni. Kada ki bari yaron nan ya kusance ta, balle ya sha nonon mai ciwo. In ya fito lafiya, na san ke 'yar halak ce. In ya kwashi ciwon nan, kada in ƙara jin sunanki a gidana."

Na san amsar da ta dace. Kwana uku kacal da na sa wa takardar hannu. Amma shekara biyu nake jiran matar nan ta nemi wani abu a wurina, ko da allura ce. Na sunkuyar da kai na ce, "In sha Allahu, Hajiya."

Na koma na ɗauke shi zuwa ɗakin jarirai, na haɗa masa madarar gwangwani a bulumboti. Washegari ciwon ya kwantar da Babbar Sista, mu uku muka riƙa yin aikin mutum goma, babu mai lokacin bincika katin wani. Auta ta tambaye ni dalili, na ce da cuta a cikin nononta. Ko yadda za ta riƙa tatsewa don kada ya kafe ban nuna mata ba, saboda ba na iya shiga ɗakinta in haɗa ido da ita.

Kwana goma sha biyu tana tsaye a bayan gilashin ɗakin killacewa tana hango ni ina ba ɗanta madara. Ƙirjinta ya kumbura, gaban rigarta kullum a jiƙe. Takan ƙwanƙwasa gilashin da zobenta. Ni kuma sai in juya mata baya, kamar ina gyara masa zani.

Da aka sallame su suka koma gidan Hajiya, ruwan nonon ya ja baya, yaron kuma ya saba da bulumboti. Kulle ya yi tsanani, madara ta yi wuyar samu, Hajiya ta koma ƙara mata ruwa don ta yi auki. Sai ga gudawa. Ranar Juma'a na zo da sikelin ratayawa na auna shi, ko nauyin da aka haife shi da shi bai kai ba.

Na sha cewa a gwada sa shi a nono tunda uwar ta warke. Hajiya takan ce, "Ke da bakinki kika ce da cuta a ciki. Abin da ya kwana wata a jiki ai sai dai ya ƙara lalacewa." Auta ma tsoron ƙirjinta take ji. Ƙaryata ta yi ƙarfin da ni kaina na kasa tayar da ita.

Yau Talata, da na tashi daga aikin safe na biya ta shagon Mai Kemis, don shi kaɗai ya rage da madarar jarirai a unguwar. Ya ɗaure igiya a ƙofa don kada a matso, ya shafa turaren nan nasa da ko takunkumi biyu ba ya tare shi. Yana ganina ya ɗaga igiyar.

"Sista da kanta. Ai ke doka ba ta hau kanki ba, shigo."

"Nan ma ya isa. Madara nake nema."

Ya ciro gwangwani daga ƙarƙashin kanta ya ajiye, bai cire hannunsa daga kai ba.

"Na ji an ce Asabar za su zo. Babanki ya kira ni yana ba ni haƙuri, sai ka ce ni yaro ne." Ya yi 'yar dariya. "Jiya na kai muku safar hannu ɗakin haihuwa. Na tsaya jiran a sa mini hannu, sai idona ya faɗa kan wata takarda kusa da sikeli. Ni mutum ne mai son duba kwanan wata, kin san aikinmu."

Na riƙe igiyar.

"Kwana uku tsakaninta da haihuwar jikan Hajiya," ya ce a hankali. "Gwangwani nawa gidan nan suka ɗauka a wurina, kullum tsohuwar tana yabonki. Rubutun hannunki yana da kyau, na gane shi tun daga nesa."

"Me kake so?"

"Abin da na daɗe ina so. Ni ba mai tonon asiri ba ne, Sista. A gidana babu tsohuwar da za ta tuhume ki, babu jaririn da za ki riƙa gani gabanki yana faɗuwa. Ki ce wa Baba kin canza shawara kafin Asabar, maganar ta mutu a nan. In kuma aka kai Asabar, to Hajiya tana zuwa sayen maganin hawan jini, kuma ni ban iya ƙarya ba in aka tambaye ni."

Ya tura mini gwangwanin. Na ɗauka na fito ko sallama ban yi ba. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, mutumin da nake raina wa hali ya faɗi magana a kaina, kuma babu harafi ɗaya na ƙarya a ciki.

A ƙofar gidan Hajiya na tarar da Malam zaune kan benci, ya baza takardun ɗalibai da aka turo masa yana dubawa. Ya miƙe yana murmushin da ko takunkumi bai ɓoye ba.

"Amarya ta iso. Kawu ya kira ɗazu, har ya sa an wanke masa mota, motar da sai an tura take tashi."

Ban yi dariya ba. Ya dube ni da kyau.

"Wa ya taɓa ki?"

"Malam, zauna. Zan gaya maka wata magana, kada ka katse ni, in ka katse ni ba zan iya ƙarasawa ba."

Na faɗa masa komai, takardar, sa hannuna, gilashin, har da abin da Mai Kemis ya ce. Maganar bakin get ce kawai na ɓoye. Tun ina share hawaye da bayan hannu har na bar su suka jiƙa takunkumin.

Ya daɗe yana kallon jan biron da ke hannunsa.

"Kin sani," ya ce. "Ba kuskure ba ne. Kin sani kika yi."

"Na sani."

"Auta tana kirana kullum daga ɗakin nan tana kuka, ni kuma ina ce mata ki yi haƙuri, Antinki ta fi mu sani." Ya ajiye biron. "Me ya sa?"

"Don in same ka."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Can ya ɗago, idonsa ja.

"Ki bari Asabar ta wuce. Kwana huɗu ne. In manya suka shiga maganar, Hajiya ba za ta iya warware ta cikin sauƙi ba. Shi wancan ni zan je in same shi. Daga baya mu san yadda za mu faɗa mata a hankali. Don Allah, shekara biyu fa."

Wallahi zuciyata ta so ta karɓa. Har na buɗe baki. Sai kukan yaron ya fito ta taga, siririn kuka kamar na ɗan kyanwa, ya yi sau uku ya tsaya don ba shi da ƙarfin na huɗu.

"Ka ji?" na ce. "Kowace rana da ta wuce ruwan nonon yana ƙara nisa. Auta ba za ta sa shi ba muddin ta yarda da maganata ta farko. Na riga na ɗauki kwana goma sha biyu daga bakinsa saboda kai, Malam. Kana so in ƙara huɗu?"

Ya sunkuyar da kai, na ga kunyar da nake ɗauke da ita ta hau shi ma. Na wanke hannu a bokitin bakin ƙofa na shiga, na ji takunsa a bayana.

Auta tana zaune a ƙasa ta jingina da gado, ta rame, wuyanta duk ƙashi. Hajiya tana kan kujera da yaron a cinya tana girgiza bulumboti, madarar ciki tsararo kamar ruwan wankin kofi.

"Yauwa, ga 'yata. Zo ki ga angon nawa, yau ya ƙi ni, ko don na tsufa ne. Ki yi wa wannan magana kuma, tun safe take kuka wai dangin mijinta sun ce mace ce marar nono."

Na karɓe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, maɗigarsa ta fara faɗawa. Auta ta kamo gefen rigata.

"Anti, ki gaya mini gaskiya. Ciwon nan ya lalata mini nono har abada ke nan? Ko wani na haifa haka zan zuba masa ido? Ni me na yi? Na wanke hannu, na zauna a gida, ban san inda na ɗauko shi ba. Jiya da ya juyo da baki yana lalube a ƙirjina ture shi na yi, Anti. Na ture ɗana don kada in kashe shi."

Na durƙusa a gabanta da yaron a hannu.

"Babu abin da ya sami nononki, Auta. Babu abin da ya taɓa samunsa."

Hajiya ta daina girgiza bulumbotin.

"Ƙarya na yi miki. Tun kafin ki haihu aka umarce mu kada mu raba uwa da ɗa, ki sa takunkumi ki shayar da shi. Na ji, na karanta, na sa hannu. Ni na raba ku da gangan. Ramar nan tasa da gudawar nan, da maganar da dangin mijinki suka faɗa miki, duk ni ce. Ke ba ki yi komai ba."

Auta ta saki rigata a hankali, ta goge hannunta a zani.

"Ina ƙwanƙwasa miki gilashi," ta ce. "Na ɗauka ba kya ji ne. Har uzuri nake yi miki, ina cewa gilashin ne mai kauri."

"Ina ji."

"Dare da rana ƙirjina kamar an cusa duwatsu, ina matse bakina da filo. Kina wucewa da shi ta gabana." Hawaye suka zubo mata, amma muryarta ba ta ɗaga ba. "Me na yi miki, Anti? Ni ce fa nake kai wa Yaya saƙonki lokacin da aka hana shi kiranki. Me ya sa?"

Ban yi niyya ba, idona ne ya tafi da kansa ya sauka kan Hajiya. Ita ma ni take kallo. Na ga ta tuna ƙarfen get ɗin, ta tuna abin da ta ce. Kalma ɗaya zan faɗa in raba kayan nan biyu. Amma ita tsoro ne ya sa ta magana, ba ta taɓa ganin takardar ba. Ni na gani.

"Son zuciya ne," na ce. "Na so a yabe ni."

Hajiya ta kawar da kai ta ajiye bulumbotin a ƙasa.

"Ba ni jikana." Na miƙa mata. "Na ɗauke ki 'ya, na cika wa mutane kunne da sunanki. Ashe da hannuna nake ba yaron nan ruwa ina gode miki. Tashi ki fita. Kai kuma Dogo, kira kawunka yanzu a gabana, ka ce Asabar babu."

"Hajiya, ki bari mu..."

"Yanzu na ce."

Na tashi, ban san yadda na kai bakin ƙofa ba. Ina laluben takalmina hawaye ya hana ni ganin na dama, sai na ji muryar Auta.

"Tsaya."

Na tsaya.

"Kin ce babu abin da ya same shi. Zai dawo?"

"Yana iya dawowa. In kina sa shi sau da yawa, dare da rana, fatarsa a jikin fatarki. A daina bulumboti, a riƙa ba shi madarar da ƙaramin kofi, a haɗa ta daidai ba ƙarin ruwa, har naki ya kawo. Gobe da safe kuma a kai shi likita ya duba gudawar. Zai ɗauki kwanaki, wataƙila makonni. Ba zan yi miki alkawari ba."

"To dawo ki nuna mini." Ta share fuska da gefen ɗankwali. "Ban yafe miki ba, kada ki ɗauka na yafe. Amma ban san yadda ake riƙe shi ba. Wata guda da haihuwa, ban taɓa sa ɗana a nono ba."

Na dubi Hajiya. Ba ta ce shigo ba, ba ta ce fita ba. Ta daɗe tana kallon fuskar yaron, sannan ta sunkuya da kanta ta ɗora shi a cinyar uwarsa.

Na sake wanke hannu na durƙusa. Malam ya juya baya ya tsaya a bakin ƙofa da waya a hannu. Na cire wa yaron riga, na kwantar da cikinsa a kan cikinta, na tallafi ƙeyarsa. Ya kawar da kai, ya yi kuka, ya ture da ɗan hannunsa. Na ɗiga madara kaɗan a kan nonon. Muka sake, ya ƙi. Muka sake.

A karo na biyar ya buɗe baki sosai ya kama. Auta ta ja numfashi ta runtse ido.

"Yana ja," ta ce da raɗa. "Akwai wani abu, Anti?"

"Ban sani ba tukuna. Bar shi ya yi ta ja, jan ne yake kiran ruwan."

Hajiya ta share ido da sauri don kada a gani, ta juya wajen ƙofa.

"Dogo, ban ji kana magana ba."

Ya waiwayo ya dube ni. Na san kallon, so yake in ce wani abu, in tashi in roƙa, in kama ƙafar Hajiya. Ya danna wayar ya kai kunne. Na ji tana ƙara, na ji an ɗauka.

"Kawu, barka da yamma. Dama maganar Asabar ɗin nan ce..."

Ya fita tsakar gida ya jawo ƙofar. Taku uku ne tsakanina da ita, da na matsa da na ji ko fasawa yake yi ko tsayawa. Amma ƙeyar yaron tana cikin tafin hannuna, in na zare zai saki.

"Ɗan ɗaga gwiwar hannunki," na ce wa Auta. "Yauwa, haka. Kada ki motsa."